Gudu zuwa tafkin kan tsauni: yadda ake lissafin hawa, da yadda ake saukowa lafiya

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na saba gudu a kan kwalta, ina yin kilomita 10 cikin minti 55 ba tare da wata wahala ba. A farkon watan Yuli zan yi 'yan kwanaki a tsaunukan Alps na Turai, kuma akwai wani tafki da ke kusan mita 2,300 a sama da nake so in je da gudu. Taswira ta nuna kilomita 7 ne daga inda ake ajiye mota, hawan kuma mita 1,000. Zan iya? Awa nawa zan ware, me kuma zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, za ka iya, in sha Allahu. Wanda ke yin kilomita 10 cikin minti 55 yana da zuciya da huhun da za su kai shi bakin tafkin nan. Sai dai na lura tambayarka duk a kan zuwa take, ba ka ce komai game da dawowa ba. Tafkin tsakiyar tafiya ne. Rabin farko zai sa ka haki, amma rabi na biyu shi ne wanda gudun kwalta bai shirya ka dominsa ba, kuma a kansa ya kamata ka gina duk shirinka: lokacin fita, abin da za ka ci, ƙarfin da za ka rage a cinyarka.

Mu fara da kilomita 7 ɗin nan, don ita ce ke yaudarar 'yan kwalta. Hawan mita 1,000 ya zarce tsayin Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, kuma da ƙafarka za ka ɗaga nauyin jikinka har can. Mutum mai kilo 70 yana ƙona kalori wajen 650 zuwa 700 a wannan ɗagawar kaɗai, ban da abin da tafiyar gaba take ci. Masu shirya tseren tsauni suna da lissafi mai sauƙi: kowace mita 100 ta hawa, a ƙirga ta ƙarin kilomita guda. Zuwa da dawowa kilomita 14, ka ɗora 10 a kai, ka ga aikin kilomita 24 ne a gabanka, wato ya ɗara rabin gudun famfalaki. Akwai kuma tsohon lissafin William Naismith, mahayin duwatsu daga Scotland, wanda ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A wannan ma'auni, mai tafiya da ƙafa zai yi kusan awa huɗu da rabi a hanyarka, ba tare da ya zauna ko sau ɗaya ba.

Kai da kake da horo, amma ba ka saba da dutse ba, zan sa ran ka riƙa hawa mita 500 zuwa 600 a awa. Ke nan hawan zai ci maka awa biyu ko ƙasa kaɗan, saukowa awa ɗaya da 'yan mintoci, sai zaman bakin tafki da tsaye-tsayen hanya. Ka ware awa huɗu, ka ɗauki guzurin awa biyar. Agogonka zai nuna maka minti 15, wani wurin ma 20, a kilomita guda. Kada abin ya dame ka. Ka canza fuskar agogon ta riƙa nuna maka tsayin da ka kai, domin a tsauni wannan ne lambar da ke gaya maka abin da ya rage.

In ka raba mita 1,000 a kan kilomita 7, matsakaicin tudun kashi 14 cikin 100 ne. Babu hanyar da ke raba tudunta daidai wa daida. Za ka samu kilomita mai sauƙi a cikin daji ko a gefen rafi, sannan ka biya bashinta a wani wuri mai kashi 25 ko 30. A irin wannan wuri kowa takawa yake yi, har da zakarun duniya. An yi wani bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder, aka wallafa shi a 2016, inda aka ɗora ƙwararrun masu gudu a kan injin gudu da aka karkata sosai. An gano cewa daga digiri 16 zuwa sama, wato wajen kashi 28 cikin 100, tafiya ta fi gudu arha ga jiki ko da saurin hawan ɗaya ne. A garin Fully na ƙasar Suwizalan ana yin tseren da ake hawa mita 1,000 cikin nisan da bai kai kilomita 2 ba, a kan tsohon layin dogo da ya miƙe jikin dutse. A can ne Urban Zemmer ɗan Italiya ya sauko da lokacin ƙasa da minti 30 a 2014, kuma manyan 'yan wannan tsere galibin hanyar takawa suke yi da sanduna biyu. Ga wanda bai kai su ƙarfi ba, iyakar da gudu ke daina riba tana zuwa tun kafin kashi 28. Gwajin da nake ba mutane shi ne: in kana "gudu" amma mai tafiya da sauri a gefenka bai bar ka ka wuce shi ba, to tsalle kawai kake yi a wuri ɗaya, koma tafiya.

Ita ma takawar tana da fasaha. Ka rusuna daga ƙugu, bayanka a miƙe don ƙirji ya samu wurin buɗewa, ka dafa cinya kusa da gwiwa kana turawa da hannu a kowane taku. In hanya ta ba ka zaɓi tsakanin babban mataki guda da ƙanana biyu, ɗauki ƙananan. Babban mataki yana cin cinya, ita kuwa cinyar kana bukatarta anjima. Inda tafin ƙafa zai iya zama gaba ɗaya a ƙasa, ka aje shi gaba ɗaya. Tafiya a kan yatsu na tsawon awa biyu tana ƙone sha-raɓa. Sanduna suna taimakawa ƙwarai a hawa mai tsawo irin wannan, amma fa sai in ka gwada su tun kafin ranar. Wanda ya fara riƙe su a ranar ya fi yawan harɗe kansa da su.

Kuskuren da ya fi yawa a hawa yana faruwa ne a rabin awar farko. Jiki sabo, iska mai sanyi, mutum ya fita kamar an kore shi. Ma'auninka numfashi: in ba za ka iya faɗin jimla guda ba tare da ka tsaya jan iska ba, ka wuce gona da iri. Ka kuma shirya wa yaudarar tsauni. Irin waɗannan tafkuna ƙanƙarar zamanin da ce ta ƙwaƙule musu mazauni a cikin dutse, shi ya sa yawanci suna ɓoye a bayan wani tudu, ba ka ganin ruwan sai ka zo dab da shi. Za ka hangi wani ƙoli ka ce shi ne, ka hau ka tarar da wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Agogo ya ce mita 2,050, to saura 250, ko me idonka ya gaya maka.

Game da ƙarancin iska, kada a tsorata ka fiye da kima. Oksijin yana nan kashi 21 cikin 100 na iska kamar ko'ina, matsin iskar ne ke raguwa, har a mita 2,300 ya koma kusan kashi uku cikin huɗu na wanda ke bakin teku. Ga masu horo, iyakar ƙarfin numfashi tana sauka da wajen kashi 6 zuwa 7 cikin 100 a kowace mita 1,000. Za ka ji haka a sulusin ƙarshe na hawan: zuciya na bugu da sauri, ƙafa na tafiya a hankali. Ciwon tsauni na sosai ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama, musamman waɗanda suka kwana a can. Duk da haka, in ciwon kai ya haɗu da tashin zuciya ko jiri, maganinsa sauka. Kuma kada ka yi wannan tafiya washegarin isowarka. Ba jikinka kwana biyu a kwari, ka yi ɗan ƙaramin hawa tukuna.

Abin da ban sani daga tambayarka ba shi ne irin ƙasar da za ka taka, kuma ya fi nisa da tsayi muhimmanci. Ka bincika matakin wuyar hanyar. A Suwizalan, alal misali, alamar rawaya hanyar yawo ce mai sauƙi. Fari da ja da fari hanyar tsauni ce. Fari da shuɗi da fari kuwa hanya ce da za ka sa hannu a dutse, wani lokaci ka tsallake ƙanƙara. Ƙungiyar mahaya tsaunuka ta ƙasar ta jera su daga T1, mafi sauƙi, zuwa T6, mafi wuya. A karon farko, da takalmin gudu, ka tsaya a T2, iyaka T3. Lokacin da ake rubutawa a allunan hanya na mai tafiya da ƙafa ne, ba a sa hutu a ciki ba.

Tafki ɗaya ma yana iya samun hanyoyi masu hali daban-daban. Ɗauki Lac Blanc da ke saman Chamonix a Faransa, mita 2,352, wanda ke fuskantar tsaunin Mont Blanc. Wanda ya hau motar igiya, wato akwatin da ke rataye a waya yana ɗaukar mutane zuwa saman tsauni, har tashar La Flégère ya rage wa kansa mafi yawan hawan, saura masa ƙasa da mita 500. Wanda ya taso da ƙafa daga ƙauyen Tré-le-Champ kuwa zai tarar da tsani-tsani na ƙarfe kafe a jikin dutse, inda babu maganar gudu, kuma a lokacin cunkoso sai an bi layi. Mai jin jiri in ya leƙa ƙasa gara ya san da wannan tun yana gida. In kuma shirinka ya dogara da motar igiya wajen saukowa, ka san ƙarfe nawa ta ƙarshe take tashi.

Ka ce farkon Yuli. A wannan lokaci, sama da mita 2,000, akwai sauran dusar ƙanƙarar hunturu kwance a kwazazzabai da wuraren da rana ba ta cika dukansu ba. Da safe tana da tauri da santsi, takalmin gudu ba ya kama ta. Kafin ka sa ƙafa a kanta, kalli abin da ke ƙarƙashinta. In zamewa za ta kai ka fili ne, ka bi sawun mutane a hankali. In za ta kai ka kan duwatsu, ko bakin rami, ko cikin tafkin, ka juya, sai fa in kana da ƙananan ƙusoshin ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi kuma ka iya amfani da su. In ka ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, rafi ne ke cin ta daga ciki, tana iya burmawa da kai. Ofishin baƙi na garin ko masu kula da bukkar matafiya ta kan tsaunin sun san halin da hanya take ciki a wannan makon, tambaye su kwana ɗaya kafin ka fita.

Sai yanayi. A bazarar Alps safiya takan zo garau, rana ta dumama kwari, iska mai ɗumi ta hau jikin duwatsu, zuwa bayan azahar hadari ya haɗu. Saboda haka ake fita da sassafe. Ka tsara yadda za ka bar bakin tafkin kafin tsakar rana. Ka kuma yanke wa kanka lokacin juyawa tun kana ƙasa, ka ce ƙarfe kaza in ban iso ba na koma, domin a sama, da gajiya da kwaɗayin isa, mutum ba ya yanke hukunci mai kyau. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ce. Ƙasa da daƙiƙa 30 na nufin tana kusa da za ta iya samunka. Ka sauka daga ƙoli da doron tsauni, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, da tsani da sarƙoƙin ƙarfe, da bakin ruwa.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa: minti goman farko a bakin tafkin. Zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6.5 a kowace mita 1,000. In ka bar mota a digiri 16 da safe, za ka tarar da 9 ko 10 a sama, ga iska da ke busowa ta kan ruwan da ƙanƙara ke ciyarwa. Muddin kana hawa ba za ka ji ba, don jikinka na samar da zafi ninkin-ba-ninkin na wanda ke zaune. Da ka tsaya, wutar ta mutu, rigarka kuwa sharkaf da gumi, kuma ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Mutane sukan iso su fara ɗaukar hoto, sai bayan kwata ɗin awa su ga yatsunsu sun ƙi jan zif. Tsarin shi ne: kana isowa ka tuɓe jiƙaƙƙiyar riga, ka sa busasshiya, ka ɗora rigar iska, ka ci wani abu. Hoto ya biyo baya.

Ba don in firgita ka nake nanata wannan ba. A watan Yulin 2008, a tseren hawa Zugspitze, tsauni mafi tsayi a Jamus, ruwa ya juye ya zama dusar ƙanƙara, masu gudu biyu suka rasu kusa da ƙoli. A ranar 22 ga Mayun 2021, a tseren kilomita 100 na lardin Gansu a ƙasar Sin, iska da ruwa da ƙanƙara suka afka wa 'yan tsere sanye da ƙananan kaya, mutum 21 cikin 172 suka mutu, har da zakarun ƙasar. Ƙarfi bai kare su ba, hasali ma mafi ƙarfin su ne suka riga kowa isa wurin da babu mafaka. Mai gudu yana dogara da motsi don ya ji ɗumi. Tambayar da za ka yi wa jakarka ke nan: in na yi targaɗe a sama, na zauna awa biyu ina jiran taimako, abin da ke cikinki zai riƙe ni?

Amsar ba ta da nauyi. Rigar ruwa ta gaske mai hula, wadda ke tare iska; riga mai dogon hannu a ƙulle cikin leda don kada gumi ya jiƙa ta; hular sanyi da safar hannu marasa kauri; bargon nan na leda mai ƙyalli da ake naɗewa ya shiga tafin hannu; usur; ƙaramar tocilar goshi; bandeji mai miƙewa; waya cike da caji, da taswirar da ka sauke tun kana da intanet. Duka ba su wuce su shiga ƙaramar jakar goyo ta masu gudu ba. Ka guji rigar auduga, tana shan gumi ta ƙi bushewa. Ka ƙara tabarau da man kare fata, domin hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, dusar ƙanƙara kuma tana maido da shi fuska. Takalmi kuwa, na kwalta ka bar shi a masauki. Kana bukatar mai haƙora a tafinsa, milimita 4 zuwa 5, da roba mai kama jiƙaƙƙen dutse, kuma wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi.

Ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai ishe ka a irin wannan sanyi, ka riƙa kurɓa kana tafe. Kada ka ɗura wa cikinka fiye da ƙishinka, yawan ruwa ba gishiri shi ma cuta ne. Rafin tsauni yana da kyan gani, amma in akwai garke ko bukkar matafiya a samansa, sai da matata ko ƙwayar tsarkake ruwa. Abinci ya fi ruwa saurin mantuwa. Sikarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa bayan kamar minti 90 na aiki mai ƙarfi, wato daidai lokacin da kake dab da tafkin. Ka fara ci tun a minti 40, ka nemi giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sikari a kowace awa. Ayaba guda tana da wajen giram 25. Dalilin bai tsaya ga ƙarfin ƙafa ba. Ƙwaƙwalwa da sikari take aiki, ita kuma ce za ta zaɓa maka inda za ka aje ƙafa sau dubbai a gangara.

Za ka ji sha'awar faɗawa ruwan. Ban ba ka shawara ba. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba a daƙiƙun farko, in kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa ya shaƙa. Irin waɗannan tafkuna sukan yi ƙasa da haka sosai a farkon Yuli. Wasu ma doka ta hana shiga, Lac Blanc na cikinsu, saboda ƙananan halittun ruwan ba sa jure man da mutane ke shafawa da yawan tattaki.

To, saukowa. A hawa tsokar cinya tana tsukewa ne ta ɗaga ka. A gangara tana aiki tana miƙewa, tana riƙe nauyinka kada ka kife, kuma irin wannan aiki shi ne ke yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka. Kwalta mai shimfiɗe ba ta koya wa cinya wannan ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne numfashi ya dawo daidai, zuciya ta kwanta, sai su ɗauka aiki ya ƙare. Binciken Alberto Minetti da abokan aikinsa na 2002 ya nuna gudu yana yin arha ga jiki a gangara mai sauƙi, har zuwa wajen kashi 20 cikin 100. Daga nan kuɗin ya sake hawa, saboda ƙarfin ya koma wajen taka birki. Bayan mita 500 ko 600 na sauka za ka ji cinya ta fara rawa, ƙafa ta daina ɗagowa yadda ka umarce ta. Yatsa ya taɓa saiwa, sai ƙasa.

Tsoro yana sa mutum ya jingina baya, ya miƙa ƙafa gaba, ya soka dunduniya. Wannan ne tsayuwar da ta fi kawo zamewa, domin nauyinka na bayan ƙafarka, kuma duk dukan yana tafiya gwiwa. Ka bar ƙirjinka a saman gwiwoyinka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajeru masu sauri, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki. Amfanin gajeren taku shi ne in dutse ɗaya ya motsa, kafin ya kai ka ƙasa ɗaya ƙafar ta riga ta sauka. Ka ware hannuwa su daidaita ka, kada ka ji kunyar yadda kake kama. Ido kuma ya riƙa karanta hanya mita uku zuwa biyar a gaba. Wanda ke kallon yatsunsa kullum a makare yake. In kana son kallon tsaunuka, tsaya cak ka kalla, sannan ka ci gaba.

Kowace ƙasa da yadda ake taka ta. Busasshen falalen dutse yana kama takalmi sosai, jiƙaƙƙe ko mai gansakuka kuwa sai a hankali. Saiwar bishiya in ta jiƙe, tsallake ta, kada ka taka. Tsakuwa ƙanana a kan ƙasa mai tauri ta fi kowanne yaudara, don tana mirginawa ƙarƙashin tafi. Nemi inda dutse ya kafu ka aje ƙafa. A cikin manyan duwatsu da suka zube, tafiya za ka yi, kana gwada kowanne kafin ka ba shi nauyinka. In ka tunkuɗo dutse ya gangara, yi ihu nan take don na ƙasa su ji. Kafin ka fara sauka, tsuke igiyar takalmi don kada ƙafa ta riƙa zamewa gaba tana dukan baki, ka kuma yanke farce kwana biyu kafin tafiyar, in ba haka ba za ka dawo da baƙin farce. In kana riƙe da sanduna, cire hannunka daga madaurinsu, don in ka faɗi kada su karya maka wuyan hannu. Inda hanya ke lanƙwasa tana zuwa tana dawowa, bi ta yadda take. Yanke kwana yana zaizaye ƙasa kuma yana turo duwatsu kan na ƙasa. Wurin da na fi ganin mutane na faɗuwa shi ne kilomita biyun ƙarshe, cikin daji, inda hanya ta yi sauƙi, hankali ya riga ya tafi wurin mota.

Ba kai kaɗai ne a hanyar ba. Mai saukowa da gudu shi ke rage sauri ya kauce wa mai hawa, ya kuma yi magana tun daga nesa kafin ya wuce mutum ta baya. In ka iso garken shanu masu 'yan maruƙa, ko tumaki da manyan fararen karnukan da ke gadinsu, waɗanda ake kira patou a Faransa, daina gudu. Gudu ne ke tunzura su. Ka taka a natse, ka zagaye garken da tazara, kada ka ratsa tsakiyarsa, kada ka ɗaga wa kare sanda.

In abu ya faru, lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce, tana aiki a Suwizalan ma, inda kuma ake kiran masu ceto da jirgi mai saukar ungulu, Rega, a 1414. Sau da yawa a cikin kwazazzabo babu sabis, shi ya sa za ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. Alamar neman agaji a Alps ita ce busa usur ko haska tocila sau shida cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Mai amsawa yana yi sau uku. Ka duba inshorar tafiyarka ko ta ƙunshi ceto a tsauni, don a wasu ƙasashen, ciki har da Suwizalan, ana iya kawo maka takardar kuɗin jirgin.

Makonnin da suka rage maka, kada ka ɓata su wajen ƙara saurin kilomita 10. Ka nemi tudu mafi tsayi da za ka samu, ko matakalar dogon bene, sau biyu a mako: hawa da takawa mai ƙarfi, saukowa da ɗan gudu. Saukowar ita ce darasin, kada ka hau lif. Karon farko ka yi kaɗan, domin ciwon cinya yakan kai ƙarshen tsananinsa a rana ta biyu, har zama a kujera ya zama aiki. Daɗin abin shi ne tsoka tana koyo da wuri: zama ɗaya ko biyu na gangara yana rage ɓarnar na gaba har tsawon makonni. Ka haɗa da tsuguno da ƙafa ɗaya, da sauka daga mataki a hankali kana ƙirga uku, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe don idon sawu ya koyi gyara kansa. Sau ɗaya a mako ka yi fita mai tsawo, awa biyu zuwa uku a ƙasa mai gargada, da jakar da takalmin da za ka tafi da su, kana gwada abincin da za ka ci. Gangara mai tsanani ta ƙarshe ta kasance aƙalla kwana goma kafin ranar tafkin, don ka isa can da cinyar da ta warke.